Kan da Inna ta ƙi kitsawa

A wajenmu gashi baƙi ne, in mutum ya tsufa ya yi fari. Duk wanda ya kauce wa waɗannan biyun ja muke ce masa, ko da kuwa ruwan ƙasa ne, kuma jan gashi a kan yaro ba abin da uwa take so ta gani ba ne. To ni sai Allah ya ba ni 'ya mai irin wannan gashin, kuma a Greensboro, garin da mata suke tsayar da ke a layin biyan kuɗi don su yaba shi.

Da aka haife ta baƙi ne wuluk kamar na kowane jariri. Bayan ubanta ya yi mata askin suna, sabon da ya tsiro sai ya fito da wani launi daban, irin na ƙuli-ƙulin da ya soyu daidai. A cikin ɗaki mutum bai cika lura ba. Amma ta fita rana, kai, sai ya ɗauki haske har daga nesa ki gane ta a cikin yara. Turawa su tare ni a kanti, a tashar bas, a wajen wanki, kowace da abin da za ta ce a kan kyansa. Matanmu kuwa, in mun haɗu a masallaci ko wajen suna, sai su dubi kan su dube ni. Wata Anti da muka fito gari ɗaya da ita ta taɓa jana gefe ta ce, "Ƙanwata, kina dai ba ta madara ko?" Na ce mata madarar da yarinyar nan take sha ta ishi ɗan maraƙi. Na faɗa da dariya, amma wallahi raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran nan da tsoro a ƙarƙashinsa.

Don ni ma na san abin da suke gani. A Maraɗi na tashi. Jan gashi a kan yaro, a idonmu, tamowa ce, ciwon da yunwa take kawowa: gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafa ta kumbura, yaro ya daina wasa. Na kai 'yata wajen likitar yara ba sau ɗaya ba. Likitar, wata dattijuwa baƙar fata mai yawan raha, ta auna ta, ta ɗebi jini, ta ce mini in kwantar da hankalina, in ma da abin dubawa to nauyin ne ya ɗan zarce. Mai gidana kuwa tun farko bai ɗauki abin da zafi ba. Ya ce kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce, gashinta haka yake har ta koma ga Allah, kuma ta koma da haƙoranta cif bayan ta shanye nonon garke guda. Da haka dai na saba, har na fara son abin.

Ita yarinyar ba ta san ana yi ba. Shekarar da ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta dawo mini wata rana tana tsalle, wai madam ɗinsu ta ce ita burunet ce, sunan masu gashi irin nata ke nan, kuma ba ita kaɗai ba ce a ajin. Na ce to, a can ki zama abin da kika ga dama, a gidan nan dai Bahaushiya ce ke, ɗauko tsintsiya. Duk zanen da za ta yi na kanta sai ta cika kan da ruwan ƙasa, har alli mai launin nan ya riga sauran ƙarewa a cikin kwalin. Abin ya riƙa ba ni mamaki, yadda launi ɗaya a can suna ne kawai, kamar a ce dogo ko gajere, a wajenmu kuma mutum ya gani gabansa ya faɗi.

Matsala ɗaya ce da kan nan: ni ban iya kitso ba. Abin kunya ne, don Innata mai kitso ce da aka sani a unguwarmu, amare daga wasu unguwanni ake kawo mata. Ni kuwa hannuna na dama ma kamar hagu yake. Kalaba biyu nake yi wa yarinyar, ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli kudu, kafin la'asar sun warware. Duk ranar da ta ga wata yarinya da zane mai kyau ta zo tana ƙorafi, amsata ɗaya ce: ki bari Kaka ta zo. Na ba ta labarin shukun Inna, da yadda take tsaga da kibiya layi ya miƙe ba gargada. Yarinyar nan ta riƙe maganar kamar karatun allo. In na kira gida da katin waya, kafin katin ya cinye sai ta fizge wayar ta ce da 'yar Hausarta, "Kaka, kitso!" Inna ta yi dariya ta ce, "Sai na zo, ƙawata." A hotunan da nake aikawa gashin duhu yake fitowa, ni kuma ban taɓa ɗauko zancen launinsa a waya ba, don na san uwata.

Inna ta zo a tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin ina da tsohon cikin ƙanin yarinyar, ita kuma tana shekara bakwai. Farkon sanyi ne. Muka tarbo ta a filin jirgi, yarinyar da hular ulu har kunne, suka rungume juna, Inna tana ta zolayarta wai ta ƙwace mata kyau. Muka iso gidanmu na haya, hawa na biyu a ɗaya daga cikin benayen nan na bayan titin Wendover. Shigarmu ke nan yarinyar ta fizge hular, ta durƙusa gaban Inna ta miƙa mata kai. Hannun Inna ya taso zai sauka a kan, sai ya tsaya a sama. Na ga fuskarta ta sauya. Ta mayar da hannun ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce, "Bari in huta tukuna, ƙawata, hanya da nisa."

A kicin ta same ni. Ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, tun yaushe?"

Na ce, "Inna, haka Allah ya yi ta. Lafiyarta ƙalau, likita ma ta duba."

Ta ce, "Likita." Ta buɗe firji ta tsaya tana duba abin da ke ciki.

Ina da ƙanwa da ke bi mini, wadda ta rasu ina 'yar shekara biyar ko shida, a shekarar da ruwa ya ƙi, hatsi ya gagari mutane. Fuskarta ta ɓace mini tuntuni. Abin da na riƙe kawai shi ne gashinta da ya koma ja kafin ta rasu, da yadda take zaune a gindin bango ba ta ko korar ƙuda. Inna ba ta ambatonta, mu ma ba ma yi. Kuma daminar da ta wuce kafin zuwan Inna ma ba ta yi kyau ba a wajenmu, Inna ta ga mata daga ƙauyuka suna shigowa gari da irin yaran nan a goye. Da wannan idon ta sauka daga jirgi, da shi ta dubi jikarta.

Washegari aka fara yaƙi. Inna ta kwance kayanta, sai ga busasshen zogale, garin gero, daddawa, kuka, duk abin da masu bincike suka bari ya wuce. Ta ɗaga kwalin nan na ƙanzon masara da yara suke zuba wa madara da safe, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta ce, "Iska ce a ciki. Wannan kike ba 'yar mutane ta tafi makaranta?" Daga ranar, kafin bas ɗin makaranta ya zo sai yarinyar ta sha kunun gyaɗa, ta ci ƙwai. Ta dawo, kwaɗon zogale yana jiranta. Inna ta sa mai gidana, ta bakina, don ba ta yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole, ya riƙa zuwa wata gona a Pleasant Garden inda mutanenmu suke yanka akuya, don a samo hanta mai ɗumi. Bawan Allah, ga tasin da yake tuƙawa duk mako, ga kuma aikin neman hanta ranar hutunsa. Bai taɓa cewa uffan ba, sai dai in mun shiga ɗaki ya ce mini da wannan ciyarwar nan gaba sai an faɗaɗa ƙofar gidan.

Ni ma na sha nawa. Ina aiki a wani babban sito muna cusa kaya a kwali, har cikina ya hana ni. A ganin Inna can na bar hankalina, na bar 'ya da abincin gwangwani. Na haihu lafiya, namiji, ta yi mini wankan jego a bahon wanka na Turawa tana mita a kan ruwan da ba ya zafi yadda take so, ta gasa ni da kunun kanwa. Amma ko a tsakiyar hidimar jaririn idonta yana kan babbar. In yarinyar ta zo wucewa sai ta kamo ta da wasa, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta ta duba ko wurin zai lotsa. Ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa. Yarinyar da take hawa matakalar bene da gudu har maƙwabcin ƙasa ya buga mana silin da sandar tsintsiya! Na ce, "Haba Inna, mai tamowa ce take wannan ɓarnar?" Ta ce mini abin yakan fara a ɓoye.

Kitso kuwa, shiru. Labari ya bazu cewa uwar wance ta zo kuma gwana ce, sai ga mata duk Asabar da 'ya'yansu, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, falonmu ya cika da takalma da surutu. Inna ta shimfiɗa tabarmar roba, ta miƙe ƙafa, a kwantar mata da kai a cinya ta tsaga ta kama, hannunta yana tafiya ba ta ko dubawa. 'Yata ita ce mai riƙe kibiya da kwalbar mai. Tana zaune daf da gwiwar kakarta, tana miƙa abin da aka nema tun kafin a nema, tana jiran layi ya zo kanta. In an gama da ta ƙarshe sai ta matso ta ce, "Kaka, ni." Inna ta ce bayanta ya gaji, ko haske ya tafi, ko gobe. Sai ta ɗauko kallabi ta ɗaura mata, ta ce haka ma ta fi kyau. Ta goya ta, ta yi mata tatsuniya, ta ba ta loma a baki, ta kwana da ita a gado ɗaya. Kan nan ne kawai hannunta bai taɓa sauka ba.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na koma da yarinyar wajen likitar nan da Inna a zaune, ina fassara. Likitar ta nuna mata awo, ta yi bayani da haƙuri. Inna ta yi godiya da ladabi, muna fita ta ce, "Mutuniyar kirki ce, amma dubi kumatunta, a ina za ta san yunwa?" Mai gidana ma ya kawo tasa hikimar. Wata Lahadi ya ɗebe mu a mota wai a nuna wa Inna gari, ya yi arewa da mu har Summerfield, inda gidaje suke nesa da juna, da dawakai a bayan shinge. Ya rage gudu daidai wasu dawakai jajaye masu sheƙi, har da bargo a bayansu saboda sanyi. Ya ce da ni, da ƙarfi yadda za a ji a kujerar baya, "Kin ga jajayen can, su suka fi ƙiba ma." Inna ta daɗe tana kallonsu ta taga. Can ta ce, "Ikon Allah, doki da bargo." Sannan ta ce da ni, "Ki gaya masa jikata ba doki ba ce." Har muka dawo gida kafaɗunsa nake gani suna rawa, yana danne dariya.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma daga baya ya fi ba ni tausayi, shi ne ranar da na kai Inna da yarinyar ɗaya daga cikin manyan kantunan Wendover. Da gangan na bi da ita ta layin kayan gyaran gashi. Kwalaye ne jere tun daga ƙasa har sama da kaina, kowane da hoton mace tana murmushi, gashi ruwan ƙasa kala-kala, mai duhu, mai haske, mai ja-ja. Na ce, "Inna, kin gani? Rini ne. Saye suke yi su mayar da nasu irin na ƙawarki." Ta ɗauki kwali ɗaya ta juya shi, ta dubi matar da ke jiki. Ta ce, "Da kuɗinsu?" Na ce da kuɗinsu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Taɓɗi. Allah ya bar su da ƙoshinsu." A nan wata Baturiya da ke zaɓen nata ta hango yarinyar, ta fara yabon nan da na saba ji, har ta kara kwali kusa da kan yarinyar tana gwada launin. Inna ta janye jikarta bayan zanenta tana tofa mata addu'a. Na yi ta dariya a mota. Inna ba ta yi ba, tana ta kallon waje, hannunta a kan gwiwar yarinyar.

Abin da ban lura da shi ba a kan lokaci shi ne yarinyar ta daina tambaya. Ta daina cire kallabi ko a cikin gida. Zanen da take kawowa daga lakwal, kan da take yi wa kanta ya koma baƙi. Wata rana ina taje mata ta tambaye ni da Turanci ko gashinta ƙazanta ne. Na ce wa ya gaya miki wannan shirmen? Ta ce ba kowa, ta ga dai Kaka tana taɓa na kowa. Na ce kakarki tsufa ne, rabu da ita. Amsar banza na ba ta, ni ma na san haka, amma ga jariri a hannu, ga tukunya a wuta.

Jajibirin Babbar Sallah abin ya fashe. Tun safe gidan ya cika, kowace uwa tana so a yi wa 'yarta kitson Sallah. Inna tana azumin Arfa amma ta zauna ta yi ta yi, kai bayan kai, har bayan azahar. Ta ƙarshe ta tashi, uwarta ta yi godiya suka tafi. Na duba ban ga tawa ba, kibiya da kwalbar mai suna ajiye a bakin tabarma. Ƙofar banɗaki a rufe. Na ƙwanƙwasa, shiru, na tura.

Tana tsaye a kan bokitin da ta kife don ta kai madubi. Gwangwanin baƙin man takalmin ubanta a buɗe a bakin famfo, ta kwashe fiye da rabi. Kan nan ya dame, ya yi baƙi ƙirin yana maiƙo, goshinta baƙi, kunnuwanta baƙi, rigarta, tawul, har bango. Warin ya cika wurin. Na buɗe baki zan yi ihu, sai ta juyo tana murmushi, ta ce da Hausarta mai tsallake-tsallake, "Mama, yanzu baƙi. Kaka ta yi mini."

Wallahi ji na yi kamar an soke ni. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa uwata murya ba sai ranar. Na kamo hannun yarinyar na fito da ita falo, na tsayar da ita gaban Inna da ke jan carbi a kan tabarma. Na ce, "Inna, dubi aikinki."

Ta ɗago. Ta ce, "Subhanallahi, me ta shafa?"

Na ce, "Man takalmin ubanta. Ta mayar da shi baƙi don ki kitsa mata kamar 'ya'yan mutane. Kin cika mata ciki da hanta, kin sa ta tsani kanta. Lafiyarta lau, Inna, lafiyarta lau! Me kike so ta yi kuma?"

Inna ba ta ce mini don me ba. Ta dubi yarinyar ta ce a hankali, "Je ki banɗaki ki jira, ƙawata, kar ki taɓa komai." Da ta tafi, sai ta ajiye carbin.

Ta ce, "Ke launin kawai kika tuna, kina ƙarama. Wata Juma'a ce na ce bari in kitsa wa ƙanwarki, ko ta ɗan yi kyan gani, ko babanku ya daina kawar da kai in ya shigo. Na tsaga, na yi layi biyu. Na uku ina kamawa sai ya biyo hannuna. Ba ja na yi ba, 'yar nan, wallahi ba ja na yi ba. Ko kuka ba ta yi ba, kallona kawai take. Na ɗaura mata kallabi na bar shi haka. Da rabin kitso aka kai ta."

Fushin ya zube, ya bar ni tsaye da baƙin hannu kamar wawuya. Jariri ya farka a ɗaki yana tsala kuka. Na juya zan je, na tsaya, ga wancan ga wannan. Sai Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce, "Je ki ba shi nono. Ke ba ki san yadda ake fitar da wannan ba, in kika fara da ruwa kin ɓata. Man gyaɗa ake fara sa wa." Ta shiga kicin ta ɗauko galan ɗin mai da sabulun wanke-wanke, ta wuce banɗaki.

Na goge hannu na ɗauko jaririn, na zo na tsaya a bakin ƙofa ina ba shi. Inna ta zaunar da yarinyar a cikin baho, ta tsiyaya mai a kan. Da farko da kan yatsu take taɓawa, kamar mai gwada zafin tukunya. Amma man takalmi ba ya jin lallashi. Dole ta sa tafin hannu, dole ta murza. Baƙin ruwa ya fara gangarowa, yarinyar tana mutsu-mutsu, Inna ta fara faɗa irin nata na masu kitso, "Tsaya mana! Ke wace irin yarinya ce? Rufe ido." Ta wanke, ta sake zuba mai, ta sake wankewa. Duk in ta ɗauraye sai ta buɗe hannunta ta duba, ta leƙa bakin magudanar ruwa. A wanki na ba-na-tuna-nawa launin ya fara dawowa, ruwan ƙasa mai duhu saboda jiƙa.

Ta ce in miƙo mataji. Gashin ya cukurkuɗe, matajin ya shiga ya maƙale, ta ɗan ja. Yarinyar ta ƙwala ihu, "Kaka, zafi!" Inna ta sandare. Ta zaro matajin a hankali ta kai shi kusa da idonta. 'Yan silli ne, irin wanda kowane kai yake bayarwa. Ta daɗe tana kallonsa. Sai na ga ta kama wani tsagi daga ƙeya, ta naɗe shi a yatsanta, ta ja da gangan, ja na gaske, har kan yarinyar ya biyo baya.

"Wayyo Allah! Mama, Kaka tana cire mini kai!"

Inna ta saki, ta duba yatsanta, babu komai. Sai ta fashe da dariya, hawaye yana zuba, ta zauna daɓas a bakin bahon da jiƙaƙƙen zanenta. Ta ce, "Ji bakinta! Ji ƙarfin murya! Ke wannan kan naki ai sai an sa ƙarfi." Yarinyar tana kuka tana hararar ta, ni ina kuka, jariri ya saki nono yana kallonmu.

A falo aka yi kitson, kusa da taga don a ci sauran hasken yamma. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyar kakarta, Inna ta ɗauki kibiya ta yi bismilla ta tsaga. Shuku ta yi mata, ƙanana-ƙanana, wanda ba ta yi wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yan mutanen nan ba, kuma ta kama shi tamau ba ragi. Yarinyar ta yi ta ƙugi tana cije leɓe, amma ko sau ɗaya ba ta ce a bari ba. Rana tana faɗuwa ta cikin taga, kowane layi da aka gama ya ɗauki haske. Mai gidana ya dawo da naman miya, ya buɗe ƙofa ya ga abin da ake yi, ya ja ƙofar a hankali ya wuce ɗaki, ko tambayar gwangwaninsa bai yi ba.

Lokacin shan ruwa ya yi saura layi kaɗan. Na ce, "Inna, ki sha ruwa, a ƙarasa bayan salla." Ta girgiza kai, ta ƙi sakin gashin. Na sa mata dabino a baki, na kafa mata kofi ta kurɓa, hannuwanta suna ta aiki. Ta kama na ƙarshe ta kai shi har ƙarshensa ta ƙulle. Ta shafa kan tun daga goshi har ƙeya, ta sake shafawa, sannan ta ɗan bugi bayan yarinyar ta ce, "Tashi, ƙawata, je ki nuna wa babanki."

Yarinyar ta ruga da gudu tana kiransa. Inna ta zauna yadda take, ƙafafu a miƙe, tana kallon tafin hannunta da ke sheƙi da mai. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan na ƙarasa shi."